Ramammen Dukushi Ba Ragon Layya Ba Ne

 Maganarmu ta wannan fitowa a kan dukushi ce, watau ɗan doki wanda bai isa hawa ba, musamman ramamme wanda akan samu da araha a kasuwannin arewa, a kawo shi gida da niyyar a kiwata shi a ci riba. Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, bayan ta yi shekaru a rufe, mutanenmu na nan gabas, Kutemeshi da Kuyello da Tabanni har Dogon Dawa, kowa ya shiga neman inda zai sa ɗan abin da ya rage masa ya juya. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka kashe mutum 14 a Kutemeshi cikin watan Fabrairu, kuma daga baya gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da cin kasuwannin mako-mako da safarar dabbobi. Wanda ya fito daga wannan hali da ɗan jari a hannu, bai kamata ya zubar da shi a kan kuskuren da ake iya kauce masa ba.

Doki kuwa yana da kasuwa, wannan ba gardama. Ga hawan Salla a Zazzau da Kano da Katsina, ga hakimai da masu sarauta da ba su fita sai da dawaki, ga samari masu kilisa da hawan angwanci, ga 'yan sukuwa da masu ƙwallon dawaki a Kaduna. A watan Disamba na 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin al'adun duniya da ake tattali. Saboda haka wanda ya je Maigatari ran Alhamis, ko Mai'aduwa, ya ga dukushi mai kyawun ƙira amma haƙarƙari duk a waje, kuɗinsa kuma ƙasa da na 'yan'uwansa, lalle zuciya za ta raya masa ya taya. To, mu abin da muke cewa shi ne, in za ka saye shi, saye shi da sanin cewa kiwonsa dabam ne da kiwon da ka saba. Yawancinmu a kan rago da sa muka koyi turke. Rago kan ɗaure shi wata uku, ka cika shi da dusa da ƙaiƙayi, ya yi kitse, a yanka, magana ta ƙare. Mai sayen doki ba nama yake nema ba. Ƙafa yake saye da ƙirji da numfashi, abin da zai hau shekara 15 ko fiye. Duk kiwon da ya ɓata ƙafa, ko da ya cika gadon baya, asara ce.

Ko cikinsu ma ba ɗaya ba ne. Rago yana da tumbi mai ɗakuna huɗu, yana tuƙa, yana iya cika ciki ya kwanta ya sarrafa a hankali. Doki tumbinsa ɗaya ne, ƙarami, na babban doki ma bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma Allah bai yi shi da iya amai ba. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. An halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan wuni da dare. In aka juye masa hatsi mai yawa a lokaci guda, sai hatsin ya wuce hanji bai narke ba, ya yi tsami a can, ciki ya kumbura, ka ga doki yana birgima yana duban kwiɓinsa. In ya tsira daga wannan, sau da yawa abin yakan sauka a kofato, ya yi zafi, dokin ya kasa taka ƙasa. Dokin da kofatonsa ya taɓu ta wannan hanya, da wuya ya koma daidai, kuma duk dillalin kirki zai gane shi daga tsayuwarsa.

Don haka kafin a yi maganar abinci, sai a fara tambaya: me ya ramar da shi? Wani yunwa ce tsagwaronta, ko an raba shi da goɗiya tun bai kai wata 5 ko 6 ba. Wannan shi ne mai sauƙi. Wani kuwa tsutsar ciki ce. Akwai wata doguwar farar tsutsa da ta fi kama 'yan dukushi, alamarta tumbi ya yi tulu, gashi ya tashi ya dushe, jiki kuma ƙashi da fata. Irin wannan ko buhun dawa ka ba shi, tsutsa ka ciyar. Amma a nan ma akwai hattara, gama in tsutsar ta yi yawa ƙwarai aka ba shi magani mai ƙarfi ta mutu gaba ɗaya, tana iya toshe hanji ta kashe shi. Shi ya sa muke cewa malamin dabbobi ne zai zaɓi maganin da yawansa gwargwadon nauyin dabbar, ba mai tallar magani a bakin kasuwa ba.

Sa'an nan a buɗe baki. Doki yakan yi famfarar haƙoran gaba na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a shekara 3 da rabi, na gefe a shekara 4 da rabi, a shekara 5 bakinsa ya cika. A tsakanin nan turamen ciki ma suna sakewa, wani lokaci tsohon haƙorin nono ya maƙale a kan sabo, tauna ta gagara. In ka ga yana zubar da dunƙulen harawa daga baki, ko ƙwayar dawa tana fita a kashinsa yadda ta shiga, to matsalar a baki take. Wannan duba kuma ita ce za ta gaya maka shekarunsa na gaskiya, don akan sayar da tsohon kuru da sunan dukushi ga wanda bai san haƙori ba.

Abu na huɗu shi ne wanda ya fi shafarmu mu mutanen bakin daji, watau ciwon jini. Ƙasarmu ba irin ta Daura ko Gumel ba ce. Muna maƙwabtaka da dajin Kamuku da na Kuyambana, ga rafuka da kurmi, wuraren da ƙudan tsando ke zama, shi ne kuwa mai kawo sammore. Tun zamanin da, abin da ya hana dawakin sarakuna yin nisa zuwa kudu ke nan, sai dai a yi ta sayo sababbi daga Barno da Azbin. Saboda wannan cuta aka kafa cibiyar binciken sammore a Kaduna tun zamanin Turawa. Doki ba ya jure ta kamar yadda wasu shanu ke jurewa. Haka kuma kaska tana sa masa zazzaɓin da ke fasa jini. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi da cikin ido: in sun yi fari fat, jini ya ragu, in sun yi rawaya, a zargi kaska. In ƙasan ciki da ƙafafu sun kumbura, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya, yana ci amma kullum ƙara ramewa yake, a zargi sammore, a nemi a ɗebi jininsa a auna. Kada wanda ya ɗauko allurar sammore ta shanu ya soka masa da ka. Doki ba ya ɗaukarta yadda sa ke ɗauka, tana iya zame masa ajali. Ga wanda dabbarsa ta kai a yi mata tafiya, akwai asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Dukushin da aka kawo daga arewa kuma, a tsare shi a gida a yanko masa ciyawa, kada a kai shi kiwo ko shan ruwa bakin kurmi.

To, in an gama da wannan, sai abinci. A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yinta. Mutum ya kawo ramammen dukushi, tausayi ya kama shi, ko kwaɗayin ya ga ya cika da wuri, sai ya cika masa komi da dawa. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa, jikinta ya riga ya cinye ajiyarsa. In hatsi ya shigo da yawa farat ɗaya, sai sinadaran jini su rikice, zuciya da numfashi su gaza, a kwana na 3 zuwa na 5 a wayi gari ya faɗi, mai shi ya ce sammu ne ko maita. Likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka sun gwada wannan a kan dawakin da yunwa ta ci, suka ga abin da ya fi tsirar da su shi ne busasshiyar ciyawar nan alfalfa, dangin wake, a ba su kamar rabin kilo duk bayan awa 4 a kwana ukun farko, sa'an nan a riƙa ƙarawa sannu a hankali har kwana 10, ba tare da hatsi ko ƙwaya ɗaya ba. Mu ba mu noman alfalfa, amma Allah ya ba mu 'yar'uwarta, ita ce harawar gyaɗa da harawar wake. Abin da Bature ke nema da kuɗi mai yawa, ga shi a kan rufin ɗakunanmu.

Saboda haka ga tsarin da muke ba da shawara. Kwana goman farko, harawa mai ganye, 'yar kaɗan sau shida a wuni da dare, da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, da ɗan gishiri. In ramar ba ta yi tsanani ba, ana iya haɗa masa da ingirici mai kyau, irin su harkiya da kyasuwa da aka yanka tun ba su tsufa ba. Bayan nan a sake masa harawa da ciyawa ya ci iyakar cinsa. Ƙa'idar da masana suka bayar ita ce doki yakan ci busasshen abinci kamar kilo 2 zuwa 2 da rabi a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a kwana. Ke nan dukushi mai kilo 200 yana bukatar kilo 4 zuwa 5, kuma mafi yawan wannan ya zama harawa da ciyawa. Sai a mako na uku hatsi zai shigo, a fara da cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu, safe da yamma, a yi kwana uku ko huɗu kafin a ƙara. Dawa tana da tauri, a ɓarza ta ko a jiƙa ta, amma abin da aka jiƙa a ba shi a ranar, kada ya kwana ya yi tsami. Kome ƙoƙarin cinsa, kada hatsin ci ɗaya ya kai kilo guda ga dukushi irin wannan, gara a raba sau uku. Mudu kuwa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sai kowa ya ɗora nasa a sikeli sau ɗaya ya san abin da yake ɗauka. A zuba abinci a komi, gama cin abinci a ƙasa yana tara yashi a hanji.

Yanzu bari mu zo kan dusa, don mun san ita ce abin da hannu ya fi kaiwa gare shi saboda araha. Ƙashi yana ginuwa da sinadari biyu, likitoci suna kiransu kalsiyam da fosfaras, kuma dole na farkon ya rinjayi na biyun, kamar kashi biyu da ɗaya. Dusa da hatsi sun juya wannan lissafi. Dusar alkama fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam kusan sau goma. In aka ɗora dukushi a kan dusa wata da watanni ba harawa, sai jikinsa ya koma zarar kalsiyam daga ƙashinsa. Ka ga ƙasusuwan fuska sun kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, yana ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. A Ingila tun da can ana kiran wannan ciwon dokin mai niƙa, don dawakin masu injin niƙa da ake ciyarwa da dusa su ya fi kamawa. Babban doki yakan ɗan jure, amma wanda ƙashinsa ke kan girma, nan da nan yake nunawa. Maganinsa kuwa harawa, ita ce mai kalsiyam. Dusa a ba shi kaɗan a matsayin mahaɗi.

Mai girma yana bukatar abin gina tsoka. Tunkuza ko ƙuli-ƙuli marar yaji, ko dusar waken soya da aka matse mai, ɗan tafin hannu biyu a cikin hatsinsa ya isa farawa. Ɗanyen waken soya sai an soya shi ko an dafa kafin a ba shi. Angurya a bar wa shanu, tana da wani dafi da ƙaramin doki ba ya ɗauka. Man gyaɗa cokali biyu a kan abinci, a ƙara a hankali bayan makonni, yana sa ƙiba da sheƙin gashi ba tare da haɗarin hatsi ba. Kanwa kuma, iyayenmu sun saba ba dawaki, ba mu hana ba, sai dai a san iyakarta. Ba ta gina ƙashi, ba ta maye gurbin gishiri, in ta yi yawa kuma zawo take sawa, ramammen dukushi kuwa ba shi da ruwan jikin da zai zubar.

Akwai abubuwan da muke roƙo a nisance su gaba ɗaya. Na farko abincin kaji na buhu da na turken shanu na kamfani. Wasunsu ana sa musu wani magani mai suna monensin, wanda ke da amfani ga kaza da sa, amma kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki. Na biyu ƙwayoyi da allurai irin na sha-ka-fashe. Kumburi suke sawa, mai kallo ya ɗauka ƙiba ce, alhali suna raunana jiki, suna kuma iya jawo ciwon kofaton nan da muka ambata. Na uku gyauron dawa, wanda kowane manomi ya san yana kashe dabba. Na huɗu, wanda ya fi kusa da mu a ƙasar masara da gyaɗa, shi ne hatsi mai fumfuna. Akan ware ruɓaɓɓiyar masara a ce a ba dabbobi. To, a cikin dabbobin gida babu wanda dafin fumfunar masara ya fi yi wa illa kamar doki, ƙwaƙwalwarsa yake taɓawa, ya riƙa tangaɗi yana kewaya wuri ɗaya har ya faɗi. Ta gyaɗa kuwa hanta take ci. A 1960 tunkuzar gyaɗa mai fumfuna ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila, daga nan ne duniya ta san wannan dafi. Abin da ba za ka kai wa mai niƙa don tuwon gidanka ba, kada ka zuba wa dukushi.

Sai lissafin kasuwa, wanda shi ne namu. Dukushin da ramarsa matsakaiciya ce yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya murmure, wanda yunwa ta ci sosai kuwa wata 3 zuwa 5. In aka tilasta masa girma da sauri bayan ya daɗe a tsumbure, gaɓoɓi sukan kumbura, jijiyar ƙafa ta ɗaure ya riƙa taka ƙasa da kan kofato. Ke nan wanda ya sayi ramamme saura wata guda Salla da nufin ya fitar da shi ranar hawa, ya riga ya faɗi tun bai biya la'ada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka taya, ƙidaya damin harawa nawa zai ci a wata huɗu, da kuɗin magani, da ladan yaron barga, ka ɗora a kan kuɗin saye, sa'an nan ka gwada da kuɗin lafiyayye. Sau da yawa za ka tarar arahar nan ba ta yi ado ba. Lokacin saye mai kyau shi ne da kaka, sa'ad da harawa ke da arha, ba cikin bazara ba da dami ke tsada kamar hatsi. Kuma kada a ɗora masa sirdi don a gwada wa mai saye, dokin da bai kai shekara 3 ba bayansa bai ƙosa ba, balle ramamme.

Wannan ya kawo mu ga manomanmu. Ko ba ka da doki, harawa haja ce. Masu dawaki da masu turke a Funtuwa da Zariya da Kaduna kullum nemanta suke. A tuge gyaɗa a yanke wake tun ganye bai zube ba, a shanya har ya bushe sarai, a ɗaure, a ɗora a kan rumfa ko rufi inda ruwa da gara ba su kaiwa. Ƙasarmu tana da ruwan sama fiye da arewa, harawar da aka tara da danshi baƙi take yi ta yi fumfuna, ta tashi daga magani ta koma cuta. Amfanin harawa a ganyenta yake, dami mai kara zalla ba ya ƙosar da kome.

Daga ƙarshe, gare ku dillalai. Ku ne idon mai saye, da yawansu ba su san haƙori ba, ba su san dasashi ba, amanarku suka hau. Mun san dabarar shayar da dabba ruwan kanwa kafin a shiga kasuwa don ciki ya taso, mun san ta rufe haƙarƙari da jalala. La'adar rana ɗaya ce, amma in dukushin ya mutu a hannun mai saye bayan mako guda, sunan kasuwar gaba ɗaya ya tafi da shi, kuma shari'a ta ba mai saye ikon mayar da dabba in aibin da aka ɓoye ya bayyana. A Amurka tun 1983 suke da ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9, wanda Don Henneke ya tsara a jihar Texas, ana shafa wuya da kafaɗa da haƙarƙari da gindin wutsiya a faɗi lamba, 5 ita ce daidai. Ba abin da zai hana mu yin irin wannan da hannunmu a gaban mai saye. Muna kira ga shugabannin dillalai da sarakunan kasuwanninmu su sa ka'ida: duk dukushin da za a sallama, a faɗi shekarunsa bisa haƙori, a faɗi ko an ba shi maganin tsutsa da yaushe, a faɗi abin da yake ci a inda ya fito, don sabon mai shi kada ya sauya masa abinci dare ɗaya. In da hali a rubuta a takarda, ko da ajami ne, a ba shi ya tafi da ita. Masu dawaki kuma su haɗa kuɗi su riƙa gayyato malamin dabbobi ranar kasuwa, ya duba na kowa a zama ɗaya, ya fi kowa ya yi ta sayen allura da ka.

Kasuwancinmu yanzu yake farfaɗowa, shi ma kamar ramammen dukushin ne, ba ya son garaje. A fara da magani, a bi da harawa, hatsi ya zo daga baya, a ba shi watanninsa. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.